Babi na Shida: Fuska Mai Ido Uku

Ɗauki biro ka zana da'ira a bayan duk takardar da ke kusa da kai. A cikin da'irar ka ɗiga manyan ɗigo uku a jere, a ƙarƙashinsu ka ja layi ɗaya a miƙe. Shi ke nan, ka zana tambarin Hieroglyphics, ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani, wato hip-hop, ta birnin Oakland da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Babu suna a jiki, babu harafi ko ɗaya. Fuska ce mai ido uku, ba ta dariya, ba ta kuka. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana yawo a riguna da hulunan hana-sallah da sitika da bangon faifai, kuma akwai masoyan ƙungiyar da dama da suka je aka zana musu ita a fatar jiki, zanen da ba ya wankuwa.

Ɗaya daga cikin mawaƙan ne ya ƙirƙiro ta, Del the Funky Homosapien, wanda mahaifinsa ma mai zane ne. Ya samo siffar ne daga ƙidayar mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka, waɗanda ke rubuta lamba da ɗigo da layi. Ɗigo guda ɗaya ne, layi guda biyar ne, saboda haka ɗigo uku a kan layi takwas ke nan. Aka kewaye takwas ɗin da da'ira, sai ga fuska ta fito. Ido na ukun kuwa, a wajen 'yan ƙungiyar, shi ne idon basira, mai ganin abin da ido biyu ba sa gani.

Ba za a gane darajar wannan ɗan zane ba sai an san halin da masu shi suka shiga. Yaran Oakland ɗin nan sun faɗa hannun manyan kamfanoni tun suna da ƙuruciya. Del, wanda ɗan'uwan Ice Cube ne, ya fitar da kundinsa na farko a 1991 a ƙarƙashin kamfanin Elektra, ya sake fitar da na biyu a 1993. A shekarar ce kuma abokansa huɗu, A-Plus da Opio da Phesto da Tajai, waɗanda ke kiran kansu Souls of Mischief, suka fitar da 93 'til Infinity a kamfanin Jive, kundin da har gobe masana wannan kiɗa ke sakawa a sahun gaba. Wani ɗan ƙungiyar, Casual, ya biyo baya a 1994, shi ma a Jive. Masu sharhi sun yaba, amma ciniki bai kai yadda kamfanonin suka ci buri ba. Kafin shekarun 1990 su ƙare an sallame su, ɗaya bayan ɗaya.

A wancan zamani, mawaƙin da babban kamfani ya sallama kusan an rufe babinsa. Kamfani ne ke da hanyar gidajen rediyo, shi ke da hanyar MTV, shi ke da motocin da ke kai faifai shaguna. A bisa kwangilar da aka saba, faifan da kamfani ya biya kuɗin ɗaukarsa ma nasa ne. Abin da Hieroglyphics suka fita da shi kaɗan ne: basirarsu, sunansu, fuskar nan mai ido uku, da masoya warwatse a garuruwan da ba su ma san adadinsu ba. Da waɗannan suka kafa nasu kamfani, Hieroglyphics Imperium, tare da furodusansu Domino wanda ya riƙe ragamar harkar kuɗi da tsari. Sun taki sa'ar inda suka tashi. A Oakland ɗin nan ne Too Short ya fara sayar da kaset hannu da hannu tun farkon shekarun 1980, kuma a Vallejo da ke kusa E-40 ya kafa nasa kamfani ba tare da jiran kowa ba. A wannan yanki ba abin kunya ba ne mawaƙi ya buɗe but ɗin mota ya yi tallar kayansa.

To, me ya sa wasu tambura ke rayuwa, dubbai kuma suna mutuwa tare da fostar da aka buga su a kai?

Dubi na Public Enemy. Jagoransu Chuck D da kansa ya zana shi, kuma shi ba ɗan koyo ba ne, ya karanci zane a Jami'ar Adelphi da ke Long Island kafin ya yi suna a waƙa. Inuwar mutum ce baƙa wuluk, sanye da hula, a tsakiyar saitin bindiga. Wasu sun ɗauka ɗan sanda ne aka auna, shi kuwa ya sha bayyana cewa baƙar fatar Amurka ne, wanda kullum a cikin saiti yake. Tun kafin ka ji baiti ɗaya, zanen ya gaya maka abin da ƙungiyar ta zo faɗa. Dubi na Run-DMC, wanda Stephanie Nash ta tsara a Landan a 1986: haruffa shida masu kauri, uku a sama uku a ƙasa, jan layi ya tokare su sama da ƙasa. Ƙarfi ne zalla, kamar yadda kiɗansu yake, ganga da murya ba ado. An kwaikwayi wannan tsari ba adadi, ana cire haruffan ana sa wasu, amma duk wanda ya gani ya san inda aka samo.

Abin da ya haɗa waɗannan da fuskar Del shi ne, duk za su jure wahala. Ƙungiyar da ba ta da kamfani a bayanta ba ta da kuɗin buga launi huɗu a takarda mai sheƙi. Tambarinta zai bi ta injin hotokwafi da tawadarsa ta kusa ƙarewa, za a yanke shi a kwali a fesa fenti a bango, mai ɗinki zai saƙa shi a goshin hula, yau kuma za a matse shi ya koma ɗan mitsitsi a fuskar waya, bai kai farcen yatsa ba. Zanen da ke da inuwa da walƙiya da siraran layuka goma sha ba zai tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ni a ganina gwajin da ya fi kowanne shi ne na ɗan makaranta. Idan yaron da ke son waƙarku zai iya zana tambarin a bayan littafinsa da ka, malami na gaban allo, to kun samu masu yi muku talla kyauta a kowane aji. Kamfanin da ke da miliyoyi zai iya sayen allon talla a bakin titi, amma ba zai iya sayen hannun wannan yaro ba.

Kada a ɗauka ina cewa sauƙi shi kaɗai ne daidai. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfanin zane na Houston, Pen & Pixel, ya cika kasuwa da bangon faifai na kamfanonin No Limit da Cash Money: lu'ulu'u, zinariya, motoci, wuta, haruffa masu ƙyalli, komai a cunkushe. Masu ilimin zane sun yi ta yi masa dariya. Sai dai bangon ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin faifan, waƙar wanda ya fito daga babu yana shelar ya samu, kuma mai saye yana hango shi daga ƙofar shago. Laifin da mai zane zai yi shi ne ya ɗauko rigar No Limit ya sa wa ƙungiyar da waƙarta ta wasa ƙwaƙwalwa ce da sarrafa harshe. Shi ya sa aikin ba ya farawa a gaban kwamfuta. Mai zanen kirki zai saurari waƙoƙin har su gundure shi, ya je wajen wasa ya ga su wa ke zuwa, me suke sawa, wane baiti ne suke amsawa da ƙarfi, sannan ya ɗauki fensir.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da ƙungiya, wadda mawaƙi tilo bai san ta ba. Mutum takwas ko tara, kowa da nasa suna, kowa da nasa buri, gobe kowa zai so fitar da nasa kundi. Yaya za a yi tambari ɗaya ya ɗauke su duka ba tare da ya shanye kowa ba? Wu-Tang Clan ta Staten Island ta ba da amsa mai kyau. Mathematics, mai zanen bango wanda daga baya ya zama DJ ɗinsu, shi ya zana harafin W mai kama da tsuntsu ya buɗe fukafukai. Yarjejeniyar da suka yi da kamfanin Loud ta bar kowane ɗan ƙungiya ya je inda ya ga dama da nasa kundi, sai Method Man ya tafi Def Jam, GZA ya tafi Geffen, Ol' Dirty Bastard ya tafi Elektra. Kamfanoni daban-daban, amma tsuntsun yana biye da su. An kifa shi ya zama M na Method Man, an juya shi ya zama G na GZA. A 1995 kuma aka ɗora shi a tufafi da sunan Wu Wear, ya zama kasuwa mai zaman kanta. Hieroglyphics ba su juya nasu ba, sun bar shi yadda yake, amma aiki ɗaya ya yi musu. Ko kundin Casual ne, ko na Pep Love, shi ma ɗan ƙungiyar, ko na Souls of Mischief, mai saye in ya ga ido uku ya san daga gida ɗaya kayan suka fito. Fuskar ba ta kama da ta kowa a cikinsu, don haka babu wanda zai ce an fifita wani.

Sai batun shafi. A 1995, shekarar da Amazon ya fara sayar da littattafai, intanet a gidajen Amurka ta layin tarho take shigowa. Na'urar da ake yayi tana jan kilobit 28.8 a daƙiƙa, wato fayil mai megabait ɗaya sai ya ci kusan minti biyar kafin ya sauka, kuma muddin kana kai ba mai iya kiran gidanku. Rajistar adireshin shafi dala 100 ce na shekara biyu. Yawancin manyan kamfanonin waƙa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. A wannan shekara ce wani matashi ɗan Philadelphia mai son waƙar Hieroglyphics, wanda aka sani da StinkE, ya shiga gina musu shafi, suka haɗa kai da Tajai, abin ya zama hieroglyphics.com. Lura da wannan: daga cikin masu sauraro maginin ya fito, daga ɗaya gefen ƙasar, kuma 'yan ƙungiyar suka yi wayon jawo shi jiki maimakon aika masa takardar lauya.

Idan ka auna shi da ma'aunin yau, shafin ba abin kallo ba ne. Amma ya yi abin da ake bukata. Yana ba da labarin inda aka kwana, yana sanar da wasanni, masoya suna haɗuwa a ciki suna musu a kan wane ne ya fi wani iya baiti, kuma, uwa uba, ana sayar da kaya. Tsofaffin waƙoƙin da ba su taɓa fita ba aka tara a kaset. Kundin Del na uku, Future Development, wanda Elektra ta sallame shi kafin ya fito, a kaset aka sayar da shi ta shafin a 1997, a sa a ambulan a kai gidan waya. A 1998 suka fitar da kundinsu na haɗaka, 3rd Eye Vision, a ƙarƙashin nasu kamfani. Duk wannan kafin Napster ya bayyana a 1999, kafin shagon iTunes ya buɗe a 2003.

Lissafin a fili yake. Mawaƙin da ke ƙarƙashin babban kamfani kasonsa a kowane faifai galibi bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma ba zai ga ko sisi ba sai kamfani ya cire abin da ya kashe a sitidiyo da bidiyo da talla. Wanda ya buga kayansa ya sayar da kansa, ko da cinikinsa bai kai rabin rabin na wancan ba, yana iya fin sa abin sawa a aljihu. Amma akwai ribar da ta fi kuɗin kaset. Duk wanda ya yi oda ya bar sunan garinsu. Shagon faifai ba zai taɓa gaya maka wa ya sayi kayanka ba, kamfani ma ba zai gaya maka ba. Ambulan kuwa yana faɗa. Ƙungiyar da ta san tana da masoya a wane gari da wane gari ta san inda za ta kama zauren wasa, ta san riga nawa za ta loda a mota. Ga ƙungiya irin wannan, wasa da riga su ne abinci.

Abin da ya biyo baya a duniyar shafukan mawaƙa darasi ne na yadda ake ɓata abu mai kyau. Da intanet ta ƙara sauri, sai aka shiga yayin Flash, manhajar da ke sa hotuna motsi a shafi. Ka buɗe shafi, a tsare ka a ƙofa kana kallon tambari yana juyawa, hayaƙi na tashi, kiɗa ya fashe maka a kunne ba ka nema ba, ranar wasan da ka zo dubawa kuwa tana can a ɓoye bayan wani hoton da sai ka yi canke. Masu zane sun ji daɗin nuna gwaninta, masu ziyara sun sha wuya. Wayar iPhone da ta fito a 2007 ba ta taɓa karɓar Flash ba, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa masa gaba ɗaya. Shafukan da aka kashe wa dubban daloli suka koma fanko.

Wasu kuma suka ce me ya kai mu wahalar gina shafi, ga MySpace kyauta? A tsakiyar shekarun 2000 kusan kowane mawaƙi mai tasowa a can ya tare. A 2019 MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙa miliyan 50. Da yawa daga cikinsu babu kwafinsu a ko'ina. A 2017 SoundCloud ya sallami kashi 40 cikin 100 na ma'aikatansa, har aka yi ta fargabar zai rufe. Bandcamp, wanda masu zaman kansu suka fi yarda da shi saboda kashi 15 kawai yake cira a cinikin waƙa, an sayar da shi sau biyu, a 2022 da 2023. Wanda ya kafa rumfa a filin wani, duk ranar da mai fili ya tashi gini sai ya kwashe kayansa, in ma an ba shi lokacin kwashewa. Ban ce a ƙaurace wa Instagram da YouTube da TikTok ba, a can jama'a suke, dole a je. Amma a je a jawo su gida.

Gidan kuma ba ya bukatar ɗakuna da yawa. Mai ziyara da waya zai zo, wataƙila datarsa ta kusa ƙarewa, wataƙila sabis yana rawa. A fuskar farko ya ga tambari, ya ga sabuwar waƙa da maɓallin da zai danna in ya so ji, ya ga wasa na gaba da gari da rana. Ƙasa kaɗan, shagon riga da faifai, da gurbin da zai bar adireshinsa na imel. Wannan gurbi shi ne jikan ambulan ɗin 1997, kuma ya fi yawan mabiya a kowane dandali daraja, domin jerin sunayen naku ne, babu wanda zai tsaya tsakaninku ya ce sai kun biya kafin saƙonku ya isa. A ware shafi guda don 'yan jarida da masu shirya wasa, mai ɗauke da tarihi a taƙaice, hotuna masu kyau, da tambarin a baƙi da fari, don kada wani ya kwafo dusasshe ya manna a fosta. Launi biyu sun isa, salon haruffa biyu sun isa, kuma a riƙe su a ko'ina, daga shafi har zuwa takardar da ake naɗe riga. Ga mai tsara wa ƙungiyar da ke waƙa da Hausa, ga wani ƙarin aiki: yawancin salon haruffan ado da ake saukewa kyauta ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka gwada su kafin ka zaɓa, in ba haka ba sunan waƙa zai fito da akwati a tsakiyarsa.

Hieroglyphics ba su zama hamshaƙai irin Jay-Z ba, kuma ba kowane kundinsu ne ya yi armashi ba. Del ya fi yin suna a duniya da muryar da ya ba Gorillaz a waƙar Clint Eastwood ta 2001 fiye da duk abin da ya yi a gida. Amma kamfanin Jive da ya sallami abokansa an rufe shi a 2011, su kuwa a 2012 suka fara bikin Hiero Day a titunan Oakland, ranar 3 ga Satumba, wata na tara rana ta uku, don tunawa da 93 'til Infinity.

Saura abin da matasa suka fi ƙin ji, wato takarda. Yawanci aboki ne ke zana tambarin farko, a ba shi na shan ruwa ko a ce Allah ya saka. A dokar Amurka, mai zanen da ba ma'aikacinka ba ne shi ke da haƙƙin mallakar zanensa har sai ya sa hannu a rubuce cewa ya miƙa. John Pasche yana ɗalibi a Landan ya zana wa Rolling Stones harshen nan da leɓe a kan fam 50 a 1970, kuma sai a 1984 kamfanin ƙungiyar ya sayi haƙƙin daga hannunsa a kan fam 26,000. Wannan an rabu lafiya ke nan. Tun ana ga maciji, a rubuta wa ke da tambarin, nawa aka biya mai zane, me zai samu in riga ta yi kasuwa, kuma wa zai ci gaba da amfani da shi idan wani ya fita daga ƙungiya. A karɓi fayil ɗin asali, irin wanda za a buɗa ya cika bango bai dushe ba, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya.

Haka adireshin shafi. Kuɗin sabunta shi a shekara galibi bai kai dala 20 ba, amma in wa'adi ya wuce ba a biya ba, akwai masu zaman jiran irin wannan su saye su sa masa kuɗi mai tsada. Sau da yawa kuma da sunan wanda ya gina shafin aka yi rajista, da imel ɗinsa, shi kuwa ya yi aure ya koma wani gari ya canza lamba. Idan ƙungiyarku na da shafi, ku buɗe rajistar yau ku duba sunan wa ke kai, da ranar da za ta ƙare.